Farin Tabo a Hoton Zuciyata

Ina tsugune gaban murhun banda, na kai hannu zan juya tarwaɗa, sai wani abu ya cafke ni a ƙirji ta hagu, kamar an maƙala mini ƙugiya an ɗan ja. Ban yi ihu ba. Na tsaya da hannu a sama, hayaƙi yana cin idona, ina jiran in faɗi. Ban faɗi ba. Tarwaɗar ce ta ƙone.

Da wata yarinyar ce, da ta ce tsoka ce ta murɗe, ta ci gaba da aikinta. Ni kuwa ɗiyar mutumin da ya mutu yana jan taru ce. Baba ya dafa ƙirji ya zauna cikin jirgi, ya ce bari ya ɗan huta, kafin a kawo shi gaɓa ya huta ɗin gaba ɗaya. Ƙanensa ma haka ya yi a kasuwar Warra, sai dai shi an samu kai shi asibiti kafin ya cika, kuma a can aka gaya mana abin da ke ɗaukar mazan gidanmu: kitse ne ke taruwa a jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, yana daskarewa a hankali har ya toshe hanya, kuma yana bin jini. Lokacin ban jima da gama sakandare ba. Na taɓa zana zuciya a jarrabawa da jan biro da shuɗi har malami ya yaba. Ilimin nawa ya isa ya tsorata ni, bai kai ya kwantar mini da hankali ba.

Na zaci na ɓoye wa Inna. Ashe tana kallon yadda nake tafiya kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da ruwa, da yadda hannuna ke komawa wuri guda ko tsintsiya na ɗauka. Ba ta tambaye ni sau biyu ba. Ta aika wa Goggo, ƙanwar Baba, mai sarin kifi a Yelwa, cewa muna tafe ranar kasuwa.

Goggo mace ce mai jiki, bakinta kuma ba ya da murfi. Tun da na shiga sakandare take kirana Malama, ba don girmamawa ba. Da na yi mata bayanin jijiyoyi da kitse, sai ta dubi damatsanta ta ce in kitse ke kashe mutum, da ita an yi sadakar arba'in ɗinta tun kafin a datse kogi. 'Yan'uwanta kwanansu ne ya ƙare. Amma duk da haka ita ta san wani ƙaramin asibiti mai injin hoton ƙirji, ita ta kuma ce da safe za ta kai mu.

Da safen nan ne Inna ta jawo ni ɗaki ta saki labule. Ita a wurinta hoton asibiti yana shan jini. Ta san wata mata a ƙauyenmu da aka yi wa shi, ta dawo fari fat kamar cikin kifin karfasa. Na ce mata matar can da ciwonta ta je, ba injin ya sa mata ba. Inna ta ce ta ji. Injin dai ido ne, tunda leƙa cikin mutum yake yi, ido kuwa da kwalli ake tare shi, shi ya sa ake rambaɗa wa jarirai. Ta niƙa dutsen kwallinta a kan ɗan magurji, ta kwaɓa da man kaɗe, ta lakato da babban yatsa ta dangwala mini a ƙarƙashin nonon hagu, daidai inda nake nunawa. Na bar ta. Na ce a raina, wannan shirmen ba ya cutar da kowa, in zai sa tsohuwa ta samu natsuwa, a yi.

Mai ɗaukar hoton dattijo ne mai kunya. Ya miƙo mini koriyar riga mai igiya a baya yana kallon bango, ya ce in cire sarƙa da 'yan kunne da rigar ciki mai ƙarfe, in sa wannan. Duk na cire. Bai tambaye ni ko na shafa wani abu ba, ni ma ko a mafarki ban ga dalilin faɗa ba. Injin da ke ganin ƙashi ta cikin nama, ina ruwansa da abin da ke kan fata? Na manna ƙirji a farantin ƙarfe mai sanyi, ya ce in shaƙi iska in riƙe, na riƙe har sai da ya tuna ya ce in saki.

Likitan saurayi ne, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, mai gaskiya ne. Wuta ta ɗauke, don haka a taga ya ɗaga hoton. Ga haƙarƙarina reras, ga inuwar zuciya, ba ta yi kama da wadda na zana ba ko kaɗan. A gefenta akwai wani farin tabo mai tsaki-tsaki, bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce a shekaruna da ba zai kawo komai a ransa ba, amma labarin Baba da ƙanensa ya hana shi kau da kai. Zai iya zama abin nan ne da ya fara daskarewa, zai iya zama ba shi ba ne. Injin da ke nuna jijiyoyin kansu ba a nan kusa yake ba. Abin da zai iya shi ne ya bi sawun tabon: in dawo bayan 'yan watanni a sake hoto, a jera su. In yana nan yadda yake, to. In ya girma, sai mu yi wata magana. Kafin nan ba mai, ba soyayye, ba man shanu.

Kalma ɗaya na fito da ita daga ɗakin: girma.

Na koma gida da hoton a babbar ambulan, cikin jirgin inji, na rungume shi kada ruwa ya fantsama masa. A ƙauyenmu ba a taɓa ganin cikin mai rai ba, sai na kifi. Mata suka yi ta zuwa dubiya, kowa ta ɗaga shi a rana ta ƙirga mini haƙarƙari, wata ta ce ashe 'yan boko ma irin namu gare su. Ni kuma kullum bayan sallar asuba sai na fito da shi na duba tabon. Wallahi akwai ranakun da na ga ya ƙaru. A hoto guda, wanda ke kwance ƙarƙashin katifata. Na san ba zai yiwu ba, na ci jarrabawar da ke cewa ba zai yiwu ba, amma na gani.

Abinci ya zama hukunci. Gidan masunta, kifi har a ƙarƙashin gado, ni kuma tuwo da miyar kuka tsirara ba ɗigon mai. Duk sanda Goggo ta zo sayen banda, sai ta zauna gabana da kan giwan ruwa, tana tsotsa tana lumshe ido, tana cewa ita taimakona take yi, kada rabon Malama ya lalace. Na rame har zanena ya fara zagaye ni sau biyu.

Ramar nan ita ce hujjar Inna. Da damina ta wuce, ruwa ya cika har gindin mangwaron bakin gaɓa, lokacin hoto na biyu ya yi, sai ta ce ga shi nan ido ya gani: injin ya sha, kwallin ne ya yi kaɗan. Wannan karon da yatsu uku ta lakato.

Akwai wuta ranar. Likita ya jera hotuna biyu a jikin akwati mai haske, na farko da na biyu, ban buƙaci ya nuna da biro ba. Gyaɗa ta zama goro. Ya tambaye ni ko ina bin dokar abinci. Goggo ta amsa masa cewa ita shaida ce, don ita ke cinye abin da aka hana. Bai yi dariya ba. Ya saurari ƙirjina ta kan riga, ya auna jinina, ya ce komai daidai yake ji, amma hoto ga abin da ya nuna. Ya ba ni ƙananan ƙwayoyi, ya ce a sake na uku, kada a daɗe kamar wancan.

Daga nan na fara shirin tafiya. Ban gaya wa kowa haka ba, amma na shiga neman gafara gida-gida. Na je wa wata maƙwabciyarmu da muka taɓa zage-zage a kan wurin shanya kifi. Ta yafe mini da sauri har abin ya ba ni haushi, kafin in kai ƙofa ta tambaya ko kwanukan nan masu fure da Inna ke tara mini an riga an yi musu mai su. Na ba 'yar ƙanwar Inna sabuwar atamfata, ta karɓa tana kuka, washegari na gan ta a jikinta, ta yi mata kyau fiye da ni. Sallata ta yi tsawo. Goggo ta ce da ta san hoton ƙirji ke gyara yara haka, da ta kai nata duka an yi musu.

Ina faɗin wannan ina dariya yanzu, amma ba dariya nake ba a lokacin. In na ji jirgi ya taso daga tsakiyar ruwa da rana tsaka, ba lokacin dawowar masunta ba, sai in tuna yadda aka kawo Baba, ƙafafunsa a kan taru, hularsa a hannun wani. Sai in zauna duk inda nake, in sa yatsa a wuya ina bin bugun, ina jiran wanda ba zai zo ba. Na daina ɗaukar daron kifi. Na daina dariya da ƙarfi, kada in girgiza abin ya ɓalle. Da na daina ɗaukar daron ciwon ya yi sauƙi, sai na ɗauka irin sauƙin nan ne da ake cewa mai mutuwa yana samu.

Kafin hoto na uku kwallin Inna ya ƙare, sai da ta bi maƙwabta aro. A ranar ta cika tafin hannunta ta manna mini, ta danna, ta yi addu'a ta tofa a kai. Ruwa ya fara janyewa, daga inda jirgi ya tsaya sai da muka taka laka da rairayi muka hau tudu kafin mu samu ɗan acaba.

Goro ya zama ƙwan agwagwa. Ya kuma ɗan gusa ƙasa.

Likita ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya tambaye ni yadda na zo, na ce da ƙafa na hau tudun bakin ruwa. Ya ce ban yi haki ba? Na ce Goggo ce ta yi. Sai ya ce shi abin nan ya fi ƙarfin saninsa, don ciwon da yake tsoro ba ya gudu haka, kuma ba ya tashi daga wuri ya koma wani. Ba zai riƙe ni yana ta jera hotuna ba. In kwashe su duka ukun in tafi babban asibiti a Sakkwato. Ba a jima da yanke mana jiharmu daga Sakkwato ba, allunan ofisoshi ma in ka duba da kyau kana ganin tsohon sunan a ƙarƙashin sabon fenti. Goggo ta ce ashe an raba jiha amma ba a sanar da ciwo ba.

Mu uku muka tafi, ni a tsakiya, Inna tana jan carbi, Goggo tana cin duk abin da aka miƙo ta taga daga Koko har Jega. Muka kwana gidan wata abokiyar cinikin Goggo. Da safe Inna ta ce injin birni ya fi na Yelwa ƙishirwa. Hannu biyu ta sa.

Likitar da aka kai ni wurinta mace ce, ta manyanta, Basakkwaciya mai magana a hankali. Ta jera hotunan uku a haske, gyaɗa, goro, ƙwai, ta kalle su tana karkata kai kamar mai duba zanen da ake son sayar mata da tsada. Ta sa na ba ta labarin Baba tun daga farko, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce akwai wani inji da ke nuna zuciya tana motsi, amma shi sai an ɗora a kan fata. Ta rufe ƙofa, ta ce in kwanta ta hagu in buɗe. Tunda aka fara wannan tafiya, ita ce mutum ta farko a asibiti da ta ga ƙirjina ba riga.

Ta matso da kan injin a hannu, da wani ruwa mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, sai ta tsaya.

"Ƙanwata, mi ne ne wanga?"

Na duba. Baƙi ƙirin, yana ƙyalli, tun daga ƙarƙashin nono har gefen haƙarƙari. Na ji kunya ta rufe ni, 'yar sakandare guda da kwaɓin ƙauye a jiki. Na ce ba komai ba ne, kwalli ne da man kaɗe, Inna ce, don hankalinta ya kwanta.

"Kullum take shafa miki?"

"A'a. Sai ranar hoto."

Ta aje abin da ke hannunta. Ta ce in rufa, ta leƙa waje ta ce a kira mata uwar yarinyar nan. Inna ta shigo a ɗarare, Goggo ta biyo ta ba wanda ya kira ta. Likita ta gaida Inna da ladabi, ta tambayi hanya, sannan ta ce ranar hoton farko, kamar yaya ta shafa? Inna ta ɗaga babban yatsa. Likita ta kama yatsan, ta ja ta har gaban haske, ta ɗora shi a kan gyaɗar. Ya rufe ta ruf. Ta ce na biyu fa? Inna ta haɗa yatsu uku, aka ɗora a kan goron. Na ukun ba a tambaye ta ba. Ita da kanta ta buɗe tafi ta kai kan ƙwan, ta tsaya tana kallon hannunta da ƙasusuwana a bayansa.

Likita ta yi mana bayani. Dutsen kwalli akwai dalma a cikinsa, irin wadda masunta ke ɗaura wa taru don ya nutse, kuma irinta ce a cikin rigar nan mai nauyi da masu ɗaukar hoto ke ratayawa. Hasken injin yana ratsa nama, ba ya ratsa dalma. Duk inda ya ci karo da ita sai ya bar fari. Abin da aka yi watanni ana aunawa, ana jerawa, ana hana ni mai a kansa, ba a cikina yake ba. A kaina yake.

Inna ta sauke hannunta, ta gyara mayafi.

"To, likita, ashe ya tare ke nan."

"Ya tare, Inna."

"Na gaya mata yana tarewa. Ta ce shirme ne."

Goggo ta zame jikin bango ta zauna a ƙasa, tana dariyar da ba sauti, hawaye yana bin kumatunta, tana nuna ni tana son ta ce Malama, kalmar ta ƙi fita.

Ni ban yi dariya ba. Ban yarda ba tukuna. Wata nas ta kai ni bayan labule da sabulu da ruwan ɗumi, muka yi ta dirza, man kaɗe ba ya sakin mutum da sauƙi, sai da fatar ta yi ja. Aka sake hoto, ta gaba da ta gefe. Sannan na koma na kwanta, likita ta ɗora abin nata, ta juyo da allon in gani. Wani abu toka-toka yana buɗewa yana rufewa kamar bakin kifi a cikin daro. Ta ce zuciyata ce. Na kalle ta na daɗe. Duk watannin nan ina zarginta, ita kuwa aikinta kawai take yi.

Likita ta danna wani wuri da yatsa, inda haƙarƙari ke haɗuwa da ƙashin tsakiyar ƙirji, sai na zabura. Ƙugiyar nan ce sak. Ta tambayi aikin da nake yi a gida, na ce ɗaukar daron kifi daga bakin ruwa zuwa murhu, da tsuguno. Ta ce to ga ciwona nan, na gaɓa ne, zai tafi. Batun Baba da ƙanensa kuwa gaskiya ne, ba za ta ce in manta ba. Za a duba kitsen jinina, kuma in riƙa zuwa ana dubawa jefi-jefi har tsufa. Na ji kalmar tsufa ta shige ni kamar ruwan sanyi. Tun ranar da tarwaɗar nan ta ƙone ban sake sa kaina cikin masu tsufa ba.

Ana kiran azahar aka kawo sabon hoton. Ta maƙala shi kusa da ukun. Na nemi tabon inda na saba samunsa, na nema sama, na nema ƙasa. Haƙarƙari ne kawai da inuwa.

"Zuciyarki lafiya lau take, ƙanwata. Tashi ki tai gida."

Ban tashi nan take ba. Har yau in na ba da labarin nan mutane suna dariya, ni ma ina taya su, amma hannuna yana kan wurin ban san na kai shi ba. A ranar dai zama na yi a bakin gadon, na kasa ɗaura ɗankwali. Inna ce ta ɗaura mini, tana tambayar likita a hankali ko za a ba mu tsofaffin hotunan mu tafi da su, tunda hannunta ne a ciki. Goggo kuwa ta riga ta fita. Ta taga na hango ta a bakin ƙofar asibiti, gaban mai balangu, tana nuna masa wajen kitsen.